Na samu gida a karkara kusa da kogi, in saya ko in haƙura?

Wani ɗan'uwa ne ya turo tambaya, yace an nuna masa gida a karkara, ɗaki huɗu da fili a baya, daga ƙofar gidan zuwa bakin kogi tafiyar minti biyu ce, kuɗin ma da sauƙi in aka kwatanta da irinsa a cikin gari. Ya je ya gani da rani wurin ya kwanta masa a rai sosai, yana so in ya ajiye aiki ya tattara iyali su koma can, amma maiɗakinsa tana ɗari-ɗari saboda suna da ƙananan yara. Shine yake tambaya meye amfanin irin wannan gida meye kuma illarsa.

Toh ɗan'uwa, ni aikina duba gini ne da ƙasar da ginin yake kai kafin mutum ya saya, kuma gidajen bakin ruwa na shiga da yawa, wasu na ce a saya wasu na ce a gudu. Amsa ta a taƙaice ita ce kar ka biya ko sisi sai ka ga gidan nan a tsakiyar damina, washegarin ruwa mai ƙarfi, da ƙafarka ba a hoto ba. Duk wani gida na bakin kogi kyakkyawa ne da rani. Amma bari in warware maka zance dalla-dalla don kar ka ga kamar tsoratar da kai nake.

In fara da daɗin, domin akwai shi kuma ba ƙarami bane. Ruwa baya saurin ɗaukar zafi baya saurin sakinsa kamar ƙasa, shi yasa da rana in tudu ya ɗau zafi zaka ji iska mai sanyi tana tasowa daga wajen ruwan tana shigowa gida, in ruwan babba ne bambancin a jikinka zaka ji shi ba sai an gaya maka ba. Ga ƙasar irin wurin yawanci tana da ƙarfi saboda laka da kogi yake shimfiɗawa duk shekara, lambu yana yi, itatuwa suna kamawa da wuri, rijiya bata yin zurfi, in kana son kiwo ko kiwon kifi ko noman rani abin ya zo maka da sauƙi. Sannan ga natsuwa, wanda ya yi shekara talatin cikin hayaniyar gari da hayaƙin mota shi ya san darajar ya tashi da asuba ba abin da yake ji sai tsuntsaye da motsin ruwa. Na san mutanen da suka koma irin wannan wuri barcinsu ya gyaru, yaransu suka samu filin guje-guje, kuma in aka dace gidan yana kan tudu mai kyau darajarsa hawa take saboda filin da yake kallon ruwa kuma ruwa baya cinsa ba yawa gare shi ba. Don haka sha'awar da kake yi tana kan hanya, ban ga laifinka ba.

Yanzu ga inda gizo yake saƙar. Kai ka auna nisa, kace minti biyu zuwa bakin ruwa, ni kuma abin da nake fara tambaya tsayi ne. Daɓen gidan nan mita nawa ya ɗara inda ruwa ya taɓa kaiwa a shekarar da kogin ya fi cika? Gida zai iya zama taku ashirin daga ruwa amma yana kan dutse mita goma sama, ruwa bai taɓa lasar fandishonsa ba, wani kuma yana nesa da rabin kilomita amma a shimfiɗaɗɗiyar fadama yake, duk shekarar da kogi ya tumbatsa sai an kwashe kaya. Fadama ai gadon kogi ce, can yake miƙe ƙafa in ya cika, in ka yi gini a ciki kai ne baƙo. Auna tsayin nan ba wuya, safiyo zai yi maka a yini guda, in ma babu safiyo kusa magini da dogon tiyo mai ruwa a ciki irin wanda ake ɗaukar lebur da shi zai baka kusan amsar. Ni dai in daɓe bai ɗara mafi girman alamar ruwa da kamar mita ɗaya ba hankalina baya kwanciya.

Ita kuma alamar ruwan a ina zaka samu? Kar ka dogara da mai sayarwa ko dillali, ba wai duk maƙaryata bane, wani ma bai daɗe a wurin ba, bai sani ba. Nemi tsofaffin wurin, masunta, masu kwalekwale, masu lambu a gaɓa, kar ka tambaye su ko ana ambaliya domin zasu ce a'a lafiya lau, su a wurinsu ruwa ya kai gwiwa ba ambaliya bace. Ka ce su nuna maka da hannu inda ruwa ya taɓa kaiwa tun da suka yi wayo. Sannan ka lura da inda tsofaffin gidajen garin suke, in ka ga duk mutanen farko sun tattare a kan tudu sun bar wannan gefen fili fetal sai sabbin gine-gine, toh ba rashin son iska mai daɗi ne ya hana kakanninsu zama a nan ba.

Akwai wani gida da aka kai ni dubawa, daga waje tsaf, sabon fenti, tayil yana ƙyalli, mai saye har ya fara lissafin inda zai sa kujeru. Abu na farko da na lura soket ɗin wuta duk an ɗaga su sama kusan ƙirjina, bayan na ga shacin tsofaffin ramukan a ƙasa an cike su da siminti. Na ce a jawo min wadirob ɗin bango, a bayansa inda mai fenti bai kai ba sai ga layi miƙe sambal launin laka, ya kai tsayin ƙuguna, ƙasansa filasta tana burtsewa kamar gari in ka shafa. Ƙofar banɗaki ta kumbura daga ƙasa an fere ta, hinjin ƙasa ya yi tsatsa na sama fes, na buɗe akwatin mita sai ga busasshiyar laka a kwance a gindinsa. Ban ce komai ba na kira mai sayen na ɗora hannunsa a kan layin nan. Ruwa in ya shiga gida sai ya bar sa hannu, fenti yana rufe na fili ne kawai, saboda haka in ka je ka duba bayan kabad, cikin sito, gindin katanga ta waje, da rassan bishiyoyin kusa ko akwai leda da busasshiyar ciyawa a maƙale sama da kanka.

Wani zai ce maka ai ruwan nan sau ɗaya yake zuwa a shekara ɗari, kuma an yi shi shekara biyar da suka wuce, kai ka tsira. Wannan magana tana yaudarar mutane ƙwarai. Abin da masana ruwa suke nufi da ambaliyar shekara 100 shine a kowace shekara akwai yiwuwar kashi 1 cikin 100 ta zo, zuwanta bara bai hana ta dawowa bana ba. In ka zauna shekara 30 a gidan, lissafi ya nuna yiwuwar ka gamu da ita ya kai kashi 26 cikin 100, wato sama da ɗaya cikin huɗu. In kuwa wurin na ambaliyar shekara 20 ne, a cikin shekara 30 ɗin yiwuwar ta kusa kashi 80. Kuma ƙanƙantar kogi ba kariya bace. Kogin Ahr a Jamus ɗan ƙarami ne, mutane sun yi gidaje a gefensa hankali kwance, a watan Yulin 2021 cikin dare ɗaya ya tashi ya kashe sama da mutum 130 a kwarin, kuma ya taɓa yin irin wannan ɓarna a 1804 da 1910, kawai dai waɗanda suka gani da idonsu sun riga sun ƙare. Shi yasa nake cewa ko tsoho ya nuna maka alama ka ƙara wani abu a kai.

Ka kuma bincika me yake sama da kai a kogin. In akwai dam, ruwan ƙofar gidanka ba ruwan saman garinku kaɗai yake bi ba, in dam ya cika dole a buɗe shi, zaka iya kwana ba ko ɗigo a garinku ka tashi ruwa yana tsakar gida. Ka tambayi mutanen wurin ko ana sanar da su kafin a saki ruwa, kuma awa nawa suke samu. Abin da ya faru a Derna ta Libiya a Satumbar 2023 da dam biyu suka fashe dubban mutane suka mutu ba kullum ake irinsa ba, amma sakin ruwa na ƙa'ida abu ne na yau da gobe. Haka in ana sare daji ko ana ta gine-gine da kwalta a sama, ruwan da a da ƙasa take shanyewa yanzu kai tsaye zai gangaro da sauri, sai alamar tsofaffi ta zama tsohon labari.

Sai zaizaya, wadda mutane basu cika tunawa da ita ba sai ta zo gindin katanga. Kogi baya zama wuri ɗaya, a duk inda ya yi kwana ruwan gefen waje ya fi gudu, shi yake cin gaɓa daga ƙasa har ta rufta, gefen ciki kuma yana tara yashi. In gidan yana bayan kwana ta waje filinka raguwa zai dinga yi, in ka ga gaɓa a tsaye kamar an yanka da wuƙa, saiwoyi a waje, bishiyoyi sun sunkuya suna kallon ruwa, toh kogin yana tahowa. Ka samu wanda ya iya kwamfuta ya buɗe maka Google Earth, akwai wajen da ake komawa hotunan shekarun baya, ka kwatanta inda gaɓar take a da da inda take yanzu. Tare gaɓa da duwatsu ko kankare aiki ne da wani lokaci yafi kuɗin gidan, kuma in ka tare naka sau da yawa ruwan zai koma cin na maƙwabcinka, rigima ta tashi.

Ko da ruwa bai taɓa shiga ɗaki ba akwai na ƙarƙashin ƙasa, kuma shi ne yake cin kuɗi a hankali. Ka nemi izini a haƙa rami mita ɗaya da rabi a bayan gidan cikin damina, a rufe bakinsa da kyau saboda yara da dabbobi, ka dawo washegari. In ka tarar ruwa ya taru har ya kusa baki, fandishon gidan a jiƙe yake wata da watanni. Bulo yana tsotsar ruwa kamar lagwani, danshi ya hau bango kusan mita guda, ya bushe ya bar farin gishiri, fenti ya kumbura, in ba a sa dipisi mai kyau ba wato shingen da yake hana danshi hawa, duk shekara sai ka sake filasta. Ga warin rima a kaya, takalmi da littattafai suna funfuna, mai asma ko ciwon ƙirji yana wahala, ga gara da take son katako mai laima. In ƙasar baƙar laka ce mai kumbura da damina ta tsattsage da rani, ka duba kusurwar tagogi da ƙofofi ko akwai tsagewa a karkace kamar matakala, ita ke nuna fandisho yana motsi. In kuma ruwan na gishiri ne kamar bakin teku sai ka ƙara da tsatsa, kwano, get, rodi a cikin kankare, har waya da na'urorin wuta basa daɗewa.

Ruwan ƙasa in yana kusa sokawe ma baya aiki, domin ba inda ƙazantar zata tsiyaye, da damina masai ya dinga dawowa, kuma mafi muni ya haɗe da rijiyar da kuke sha. Mutane suna ɗauka gidan bakin kogi ya rabu da matsalar ruwan sha, alhali a nan ne ma rijiya ta fi saurin gurɓacewa tunda bata da zurfi. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a samu tazarar kamar mita 30 tsakanin rijiya da masai ko sokawe, kuma rijiyar ta kasance ta sama. Ka ɗebi ruwan a kai dakin gwaji, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kar a samu ƙwayar E. coli, wadda take nuna bayan gida ya shiga ruwa, ko ɗaya a mililita 100, sinadarin naitiret kuma kar ya wuce miligiram 50 a lita, shi wannan daga takin gona da bayan gida yake zuwa kuma jarirai ya fi yi wa illa. Ruwa garau a ido ba shaida bace.

Maganar maiɗakinka kuwa, wallahi ita ce ta fi nauyi a duk abin da ka rubuto, kar ka ɗauke ta tsoron mata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 300,000 suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Yaro in yana nutsewa baya ihu baya fantsama ruwa yadda ake zato, shiru ne, cikin 'yan mintuna, kuma ba sai ruwa mai zurfi ba. Minti biyun nan da kake jin daɗinsa, shine tsawon lokacin da uwa zata shiga ɗaki ta ɗauko abu ta fito. In zaku zauna a nan dole katanga ta zagaye gidan, ƙofar da take fita wajen ruwa ta zama mai rufe kanta da sakata sama inda hannun yaro baya kaiwa, rijiya da murfi da kwaɗo, kuma duk wanda ya isa a koya masa iyo. Wannan ba abin da za a ce sai an tare a yi bane, kafin a tare ake yi.

Sauro kuma ba kogin da yake gudu ne yake haifar da shi ba, ƙananan kududdufai ne da ruwa yake bari in ya janye, da gefen da ciyawa ta tare ruwa ya tsaya, a lokacin zafi daga ƙwai zuwa sauro mai cizo kwana bakwai zuwa goma ya isa. A ƙasashen da ake da maleriya wannan lissafin asibiti ne na duk shekara, sai raga a taga da gidan sauro. Akwai tsargiya, mai sa fitsarin jini, tsutsarta a jikin ƙananan dodon koɗi na ruwan daɗi take girma ta shiga ta fatar mai wanka ko wanki, akwai maganinta amma yaro in yana komawa ruwan sake kamuwa zai yi. A gefen wasu koguna masu gudu da ƙarfi kuma akwai ɗan baƙin ƙuda da cizonsa yake kawo ciwon makanta. Ka shiga asibitin da ya fi kusa ka tambayi ma'aikatan wace cuta aka fi kawo musu daga ƙauyukan bakin ruwan, minti goma zasu gaya maka abin da dillali ba zai taɓa faɗa ba. Macizai, da kada ko dorina in yankin da su, masunta ne zasu baka labari.

Hanya ma ka duba ta da idon damina. Gidanka zai iya zama a bushe amma kwalbatin da kake bi ya nutse kwana uku, kai ga mai naƙuda ko yaro da zazzaɓi cikin dare. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 15 yana iya kayar da babba, santimita 30 yana ɗaga ƙaramar mota, 60 kuwa har manya yana tafiya da su, domin ruwa cikin akwati mai mita ɗaya ta kowane gefe nauyinsa tan guda ne. Tunda zaman ritaya zaka yi, shekaru gaba zasu yi ba baya ba, ka ƙirga minti nawa ne zuwa asibiti a ranar da hanya ta fi lalacewa, ka duba ko akwai hanya ta biyu ta tudu, ka gwada netwok ɗin waya a cikin ɗaki.

Takardu a gurguje. Sayen fili a bakin kogi baya nufin ruwan ya zama naka, a ƙasashe da yawa akwai tazarar da doka ta hana gini daga gaɓa, gidan da ya shiga ciki ana iya rushe shi ba diyya, kuma wataƙila akwai hanyar da mutane da dabbobi suka saba bi ta gefen filin zuwa ruwa tun kafin a yi gidan, in ka toshe ka sayi gaba. Lauya da ofishin filaye su tabbatar maka, ka nemi taswirar ambaliya in hukuma tana da ita. Sai inshora, kar ka ɗauka ta gida ta haɗa da ruwa, a Amurka misali inshorar gida ta yau da kullum bata biyan ɓarnar ambaliya sai ka yanki ta daban, a Birtaniya tsarin Flood Re da aka fara a 2016 don sauƙaƙa kuɗin bai shafi gidajen da aka gina daga 2009 ba. Ka kai wa kamfanin inshora adireshin tun kafin ka saya, in suka ƙi ko suka tsawwala, sun gaya maka abin da lissafinsu ya nuna a kan wurin. Gidan da ruwa ya taɓa shiga kuma sayar da shi wahala ne, inaga ka tambayi kanka me yasa kuɗin wannan ya yi sauƙi haka, araha bata ado.

Ruwan ma yana iya tafiya ya barka. Tafkin Chadi ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960, daga baya ya koma kamar kashi ɗaya cikin goma, garin Moynak a Uzbekistan da yake tashar masunta a bakin tekun Aral yanzu ruwan ya yi masa nisan sama da kilomita 100. Naka kogi ne ba tafki ba, amma ka tambaya ko yana ƙafewa a ƙarshen rani, ko ana janye shi a sama don ban ruwa.

In ni ne kai, zan roƙi mai gidan ya ba ni haya damina ɗaya, ko na wata biyu a lokacin da kogin ya fi cika, in kwana a ciki, in ga bango in ga masai in bi hanyar cikin dare. In ya ce akwai masu saye a layi sai yau sai gobe, ka bar musu. In ka samu daɓen ya ɗara tsohuwar alamar ruwa da mita ɗaya ko fiye, gidan baya bayan kwana, ramin da ka haƙa bai cika ba, hanya bata yankewa, takardu sun fita, kuma ka ware kuɗin katanga da gwajin ruwa daban, ni zan ce maka ka saya kuma zaka ji daɗinsa. In biyu daga cikin waɗannan suka faɗi, musamman tsayi da hanya, ka nemi fili a kan tudun da yake kallon kogin ko da tafiyar minti goma sha biyar ce zuwa ruwa, iskar zata iso ka har can. Ranar da zaka koma dubawa ka tafi da maiɗakin naka ta zagaya bayan gidan da kanta, in kuma ka samu awon tsayin da hoton gaɓar da na gindin bango ka turo min in duba maka.